Masu saka gashin mannawa, ku ba mu shawara kafin a aske mana kai

Abu Hanif: Slm 'yan uwa barkanmu da dare. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san abin da gaske. Ban kai shekara 30 ba amma sanƙo ya cinye min gaban goshi har ya haɗe da tsakiyar kai, sai gefe da ƙeya kawai suka rage, kuma abin yana damuna sosai wlh, ko hoto ba na yarda a ɗauke ni ba hula. Bayan babbar sallah za a ɗaura min aure insha Allah. Na ga yadda masu aski a Legas da Abuja suke manna wa maza gashi a gyara shi ya zauna kamar na mutum, yanzu ma an fara yi a Kano da Kaduna. Wanda ya taɓa sakawa ya faɗa min gaskiya, me ya kamata na sani, wane iri zan nema, kuma yana jure zafin garinmu kuwa?

Baffan Yara: Ango ka saka hularka kawai ka huta, mu da hula muka san mutunci. Waye zai leƙa ƙarƙashin zanna bukar ɗinka ranar biki?

Abu Hanif: Baffa ai ba ranar biki kaɗai ba ce, a gida fa? a wajen aiki fa? Na gode dai amma ba wannan na tambaya ba.

Babangida KD: Ƙanena ni ina sakawa kuma na jima ina yi, bari na yi maka bayani dalla dalla ka yi haƙuri da tsawonsa. Abu na farko, abin da kake gani a bidiyo iri biyu ne kuma mutane suna haɗa su. Akwai wanda mai aski zai shafa baƙin gam a fatar kanka kai tsaye ya dinga ɗora saƙaƙƙen gashi a kai sannan ya bi da kilifa ya daidaita, wannan yana da arha kuma yana kyau ranar farko amma sati 2 ko 3 ne ƙarshensa, ba ya son ruwa ko kaɗan, kuma ba a cire shi a mayar, in ya tashi ya tashi kenan. Na biyu shi ne wanda gashin yake ɗaure a jikin wani shimfiɗi siriri, shi ake yankawa daidai faɗin sanƙonka a manna da gam ko salatif mai fuska biyu, a cire a wanke a mayar. Wannan na biyun nake sakawa kuma shi zan yi magana a kai.

Shimfiɗin nan shi ne komai. Akwai na leshi, wato raga mai ƙananan huji da iska da ruwa suke ratsawa. Akwai na roba siririya mai kama da fata, ana auna kaurinta da milimita, akwai mai siranta har 0.03, ita in an manna ta ko da hannu aka taɓa da wuya a gane, amma wata 1 zuwa 2 ta yage ko gashin ya zube. Akwai kuma wanda suke kira mono, raga ce mai ƙarfi da kan kai wata 6 har shekara, sai dai gabanta yana da kauri ana iya ganewa in aka matso. Ƙa'idar ita ce duk wanda ya fi kama da na gaske shi ya fi saurin mutuwa. A zafin nan namu da watan Afrilu ake haura digiri 40, in ka saka roba zalla gumi ba shi da hanyar fita, zai taru a ƙasa ya narkar da gam ya kawo wari da ƙaiƙayi. Ni shawarata leshi a tsakiya da gaba, da ɗan zagayen roba a gefe da baya inda salatif zai kama.

Amma abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan ba saye ɗaya ba ne. Kamar kiwon kaji ne, sayen 'yan tsakin ba shi ne wahalar ba, ciyarwar ce. In ɗaya yana yi maka wata 3, guda 4 kenan kake buƙata a shekara, ga gam, ga salatif, ga ruwan cirewa, ga kuɗin mai aski duk lokacin da gashin gefe ya taso, kuma duk kayan nan da dala ake shigo da su. Ka zauna ka lissafa na shekara guda cif kafin reza ta taɓa kanka, domin sai an aske ɗan sauran gashin da ke saman tas kafin a manna, ranar da kuɗi ya yanke kuma haka za ka fita.

Abu Hanif: Yaya Allah ya saka da alheri, wlh ban san iri biyu ba ne. To wane ya fi tsakanin gam da salatif?

Babangida KD: Ga sabon shiga salatif. Ya fi sauƙin cirewa da gogewa, kuma gam a jikin leshi yana ratsa hujin ya shiga cikin gashin ya cukurkuɗe. In ka ƙware sai ka dinga saka gam siriri a layin gaba kawai. Akwai gam irin su Ghost Bond mai farin ruwa da ake jira ya bushe ya koma garai kafin a ɗora, akwai Ultra Hold na kamfanin Walker wanda ya fi ƙarfi amma cire shi aiki ne. Kar ka ruɗu da abin da aka rubuta a kwali cewa yana kai sati 4 ko 6, wannan lissafin ƙasar sanyi ne, a nan mai yawan gumi in ya samu kwana 10 zuwa sati 2 ya gode Allah.

Oga Mai Aski: Ni sana'ata ce, bari na ƙara a kan na Babangida. Matsalar sabbin masu sakawa guda ɗaya ce kullum, zari. Mutum ya shekara 5 ba gashi a gaba sai ya zo ya ce a cika masa kai dam a sauko da layin goshi kamar na ɗan shekara 16, to ranar da ya fita kowa a layinsu sai ya gane. Cikar gashin ma ana auna ta, akwai kashi 90, 100, 120, 130, ka tsaya a 90 zuwa 100 ka duba kaurin na gefenka a daidaita da shi. Layin goshi kuma ka ɗora yatsu 4 a saman gira, ko ka ɗaga girarka sama ka ga layin tattarar fata na ƙarshe, to sama da shi kaɗan ake farawa, in ka manna a inda fata take motsi duk lokacin da ka yi magana ko dariya yana ɗagowa. Launi kar ka ɗauki lamba 1, baƙi ne wuluk irin na rini, yawancinmu 1B ne, wato baƙi irin na gashin asali. In kana da furfura a gefe ka nemi mai furfura kashi 10, ana yin sa. Murɗin gashin shi ma da awonsa, irin namu mai nannaɗewa milimita 4 ne ko 6, in aka ba ka 10 ko 12 za ka fito da kan da bai yi kama da sajenka ba.

Sai gargaɗi, dan girman Allah kar wanda ya bari a saka masa sufa gulu ko gam ɗin takalmi. Na ga kan da aka kawo min fatar ta sale. Ko baƙin gam ɗin da mata suke manna atach da shi akwai ɗanyen roba a ciki da jikin wasu ba ya karɓa sam. Kowane gam za a saka maka ka fara ɗiga kaɗan a bayan kunne ka bar shi kwana 1 ko 2, in ya yi ja ko ƙaiƙayi ko ƙuraje to ba naka ba ne.

Malam Abu Sumayya: Assalamu alaikum. Na karanta duka kuma ban ga wanda ya taɓo abin da ya fi komai girma ba, wato sallah. Ɗan uwa ba zan raina damuwarka ba, sanƙo a ƙuruciya yana taɓa zuciya, amma akwai mas'ala biyu a nan dole ka warware su kafin kuɗi. Ta farko hukuncin ƙarin gashi shi kansa. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Asma'u 'yar Abubakar, wata mata ta zo ta ce 'yarta amarya ce ƙyanda ta kama ta gashinta ya zube, ko ta ƙara mata, Annabi SAW ya la'anci mai ƙarawa da wadda ake ƙara wa. Ka lura amarya ce kuma ciwo ne ya jawo, amma ba a ba ta dama ba. Haka Mu'awiya ya hau mumbari a Madina riƙe da curin gashi yana tambayar ina malamanku. Gashin da ake manna muku kuwa yawanci na ɗan Adam ne, wanda a kansa ne maganar ta fi tsanani.

Ta biyu alwala da wanka. A mazhabar Malikiyya da muka taso a kai shafar kai gaba ɗaya farilla ce, a wankan janaba kuma dole ruwa ya kai ga fata a cuɗa a tsefe gashi, duk wanda ya karanta Ahalari ko Ishmawi ya san wannan. To mutumin da aka like masa roba da gam na sati 2 ta ina ruwa zai shiga? Kuma kai ango ne.

Babangida KD: Allah gafarta Malam wannan gaskiya ne kuma ni ma shi ya fi tsaya min a rai tun farko, shi ya sa ba na yin na dogon zango. Salatif mara ƙarfi nake sakawa irin na kullum, a cire da dare a mayar da safe, lokacin wanka kuma a cire gaba ɗaya. Malamin da na tambaya ya ce min akwai malaman da suka bambanta tsakanin ƙarin ado da gusar da aibi, ya kawo min ƙissar sahabi Arfaja da aka yanke wa hanci a yaƙi ya saka na azurfa ya yi wari aka ba shi izinin na zinare. Amma alwalar rana har yanzu tana da wahala, ba zan ɓoye ba, sai dai mutum ya riƙe alwalarsa ko ya ɗaga ya shafa ya mayar.

Malam Abu Sumayya: Na'am, saɓanin yana nan, Shaikh Ibn Usaimin ya yi rangwame ga macen da ba ta da gashi sam a kan wannan dalilin na gusar da aibi, a cikin Malikiyya ma akwai masu bambanta abin da aka haɗa da gashin mutum da abin da aka ɗora kawai a kai. Sai dai wasu malaman ba sa ɗaukar sanƙon namiji a matsayin irin wannan aibin tunda abu ne da ya zama ruwan dare. Shi ya sa ban ce a ɗauki fatawa a nan ba, ya je wajen malamin da ya yarda da iliminsa ya kai masa abin a hannu ya nuna masa yadda ake mannawa da kwana nawa yake yi, kar ya je ya ce hular gashi kawai, amsar za ta bambanta. Dashen gashi kuwa, wanda ake ciro na ƙeyarka a dasa a gaba, malamai da yawa sun halatta shi, naka ne ake mayar maka, kuma ruwa yana taɓa fata. Wanda zai je Umra ko Hajji shi ma ya tuna namiji ba ya rufe kai a cikin harami.

Sani Kemis: Tunda Malam ya kawo dashe bari na sa baki. Abu Hanif kafin komai ka je ka ga likitan fata, akwai su a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika, domin ba kowace zubewar gashi ce sanƙon gado ba. In zagaye zagaye ne kamar kwabo, ko akwai amosani mai yawa, ƙuraje, ko makero, manna abu a kai zai ƙara ɓata wurin ne. In na gado ne akwai magani 2 da aka tabbatar, minoxidil na shafawa mai kashi 5 da finasteride ƙwaya miligiram 1, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da minoxidil mai kashi 2 a 1988, finasteride kuma a 1997. Suna riƙe abin da ya rage, wani lokacin su ɗan dawo da na tsakiyar kai, amma sai an yi wata 4 zuwa 6 kafin a ga alama kuma ranar da ka daina zubewar za ta ci gaba. Finasteride ɗin kar ka saya da kanka, wasu ƙalilan yana rage musu sha'awa, mace mai ciki kuma ba a so ta taɓa fasasshiyar ƙwayar, sai da likita. Dalilin da ya sa na kawo shi, ko ka manna gashi na gefen nan da ake jingina da shi zai iya ci gaba da ja da baya. Dashen da ake zuwa Istanbul a Turkiyya shi ma ya dogara ne da yawan abin da ke ƙeyarka, in sanƙon ya yi faɗi sosai ba zai rufe duka ba.

Issoufou Maradi: Ina gaisheku. Ni tambayata game da iska ce, mu nan lokacin hunturu ƙura da bushewa sun yi yawa, ga mu kullum bisa moto. Ba ya tashi?

Babangida KD: Malam Issoufou in an manna shi daidai iskar babur ba ta ɗaga shi, abin da yake ɗaga shi gumi ne da maiƙo. Hunturu matsalarsa daban, gashin nan ba shi da saiwa a fatarka don haka ba ya samun man da jiki yake fitarwa, sai ya bushe ya dinga karyewa, rana kuma tana mayar da shi ja ja a hankali. Ka samu kwandishina ta fesawa wadda ba a wankewa ka dinga fesa masa kaɗan kullum a saman gashin, kar ta sauka gindin ƙullin don tana kwance shi. Basilin, man kaɗe, man kitso duk ka nisanta su daga bakin layin, mai shi ne maƙiyin gam. Wanki sau 1 ko 2 a sati ya isa, da shamfu mai laushi, ba a dirzawa da farce, dannawa ake yi a hankali. Ranar da aka manna sabo kuma a ba shi awa 24 ba ruwa ba ƙwallo ba aikin gumi, to ka ga nan ma maganar Malam ta dawo, wanda yake salla biyar dole ya yi tunanin wannan.

Hula ma tana cin sa. Kube ko damanga mai matsewa tana goge gashin daidai inda bakinta yake zama, ka nemi wadda ta ɗan fi kanka. Wajen sujada kuma gaban ne yake fara saki, ni kullum akwai 'yan yankan salatif a walat ɗina.

Maman Ilham: Ku yi haƙuri na shigo zancen maza. Mu mata mun riga ku sanin wahalar gam ɗin nan ta wajen hular gashi mai leshi a gaba, kuma na ga 'yan mata da yawa da gaban goshinsu ya tafi ba dawowa saboda fizga. Duk gajiyar da ka yi kar ka ja shi da ƙarfi, ka fesa ruwan cirewa ka jira minti kaɗan ya saki da kansa, ka fara ta baya. Amma ni abin da ya sa na yi magana daban ne. Ƙanena ka faɗa wa yarinyar nan tun yanzu. Ba abin kunya ba ne, amma abu ne da za ta gani a satin farko tunda cirewa za ka dinga yi, gara ta ji daga bakinka. Mace tana iya zama da mai sanƙo lafiya lau, iyayenmu da yawa haka suke, abin da yake yi mana ciwo a ɓoye mana. Kuma kar ka bari sai ana gobe ɗaurin aure ka saka, ka fara da wata 2 ko 3 kafin nan idon mutane ya saba kai ma hannunka ya saba.

Abu Hanif: Hajiya na gode, ta san ina da sanƙon ai, maganar sakawar ce ban yi mata ba tukuna, zan yi insha Allah. Malam kuma gobe bayan asuba zan samu limaminmu. Oga Mai Aski in na yanke shawara a ina ake samun mai kyau, a nan ko sai an yi oda?

Mai Zuwa Chana: Kusan duka daga Chana suke fitowa, masana'antun na maza sun fi yawa a Qingdao, kasuwar gashi kuma a Xuchang take a lardin Henan, ɗanyen gashin da yawansa daga Indiya ake kai shi inda mutane suke askewa a wuraren bautarsu irin na Tirupati a yi gwanjonsa. Wanda aka riga aka ɗinka yana zuwa ne inci 8 da 10 sai a rage maka, na oda da awon kanka yana ɗaukar wajen wata 2. Na farko ka ɗauki ɗinkakke a hannun mai askin da zai saka maka, in da matsala ka san inda za ka koma. Akwai na roba zalla ba gashin mutum ba, ya fi arha kuma ba ya canza launi a rana amma yana ƙyalli kuma zafi yana lalata shi, wannan ma ka ambata wa liman don hukuncinsa ba lallai ya zama ɗaya da na mutum ba.

Oga Mai Aski: Abu Hanif kar ka duba hotunan da mai shago ya saka a Instagram, duk a ranar farko ake ɗauka da fitila da baƙin feshi. Ka ce ya haɗa ka da kwastoma ɗaya da ya yi sati 2 da nasa ka gani da idonka da rana. Ka tabbata gashin yana gabanka ka taɓa shi ka kara shi da na gefenka kafin a kunna kilifa, kuma ya auna kanka da leda da salatif ya zana iyakar sanƙon, ba ya yanka da ka ba. Reza sabuwa, kilifa a goge da sifirit a gabanka. Ka sa ya koya maka cirewa da gogewa da mayarwa tun ranar, in ya ce sai dai ka dinga dawowa wajensa kawai to ka canza shago. Ruwan cirewa irin C-22 mai ne, bayan ka yi amfani da shi sai ka wanke kai da shimfiɗin da sabulu sosai, ka goge fatar da sifirit ta bushe ƙarau, in ba haka ba sabon salatif ba zai kama ba. Ragowar danƙon da ya maƙale a leshi kuma ka goga shi a jikin madubi a hankali zai fita.

Abu Hanif: Na ji ana cewa akwai mai maƙalli kamar shirin gashi wanda ba sai an aske ba, wannan fa? Ina ganin zai fi sauƙi wajen alwala.

Oga Mai Aski: Akwai, kuma wajen cirewa da mayarwa babu kamarsa, daƙiƙa kaɗan ne. Sai dai yana buƙatar gashi mai ɗan tsawo da zai kama, mu kuma askinmu ƙasa ƙasa ne, sannan in kullum wuri ɗaya yake cizo gashin wurin yana tsigewa, dole ka dinga matsar da shi. Gaban kuma tunda ba gashi a goshinka sai ka sa ɗan salatif ko yaya. Ka bar na gefen ya taru na sati 3 ko 4 kafin ka je a duba ko zai riƙe.